Kawuna Mai Sa Barci da Ɗakin da Ya Bari

Allah da ya ba mu Kawu ya karɓi abinsa a farkon bazarar nan, bayan gajeriyar jinya a gidansa da ke Gumel. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Likita ne, amma ba mai yanka ba. Shi ne yake sa mutum barci kafin a yi masa tiyata, ya tsaya a kansa yana lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa, in an gama ya tashe shi. Ni kuma nas ce a ɗakin tiyatar da ya yi aiki, saboda haka na san shi a gida da hula da carbi, na san shi a asibiti da koren kaya da takalmin roba. Na zauna rubuta wannan ne don na ga kowa ya fara ba da labarinsa yadda ya ga dama, ni kuwa ina wurin aka yi yawancin abubuwan.

A kwanakin zaman makoki rumfar ƙofar gida ba ta ishi maza ba, sai da maƙwabta suka fito da tabarminsu. Mutane sun zo daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wasu ma daga tsallaken iyaka. A cikin gida, inda muke zaune da matarsa, wadda duk dangi muke kira Inna, mata suna shigowa rukuni-rukuni. Mace za ta durƙusa ta ce, "Ya muka ji da haƙuri?" ta yi addu'a, sannan ta jawo wani yaro daga bayanta ta ce wannan da tiyata aka ciro shi, marigayi ne ya tsaya a kanta. Wata tsohuwa daga wajen Damagaram ta kama hannun Inna ta ƙi saki, tana ta maimaita cewa lokotoro ya tafi, lokotoro ya tafi, kamar yadda suke kiran likita a can. Matan coci da suka yi aiki da shi sun zo da tukunyar shinkafa, suka zauna suna kuka kamar ubansu ne ya rasu. Inna ba ta cewa komai sai "Amin, na gode."

Ranar sadakar uku wani dattijo daga Ɗanzomo ya nemi a ba shi izini ya gai da Inna daga bakin zaure. Na san shi, domin an sa masa ranar aikin ƙaba. Bayan ya yi ta'aziyya ya hango ni, ya ce, "Malama nas, ranar nan da kuka sa min, ku ba wani. Na fasa."

Na ce, "Baba, ai akwai likitar da za ta sa ka barci. Tana nan."

Ya girgiza kai. "Sa barci kowa zai iya, 'yata. Wanda ya iya tashin mutum shi muka binne."

Na san ba shi kaɗai yake wannan tunanin ba. Idan mutane suka daina yarda a sa su barci, ɗakin da Kawu ya ƙarar da rayuwarsa a kai zai zama kango. Mai ƙaba zai zauna da abarsa har ta murɗe masa hanji a gona, a ɗauko shi a makare. Mai naƙudar da ta gagara za a sa ta a mota a nufi Kano da ita, ta isa ko kada ta isa. Tun daga wannan rana baƙin cikina ya rabu biyu, rabi na rashin Kawu, rabi na tsoron abin da zai biyo baya.

Kawu a Masar ya yi karatun sa barci, tun zamanin da in ka ce wa mutum aikinka ke nan zai yi zaton zolayarsa kake. Kakarmu har ta rasu ba ta gane aikin ɗanta ba. Takan ce wa ƙawayenta, "'Ya'yan mutane sun je sun koyo warkarwa, nawa ya koyo sa mutane barci." Shi da kansa yake ba da wannan labarin yana dariya. Sunan kakar tamu aka sa min, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Uwata, ko a gida ko a gaban manyan likitoci.

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne ya ga ɗakin tiyata a share, fitila a kunne, ma'aikata sun shirya, amma teburi babu kowa a kai. Yakan ce duk safiyar da teburin nan ya wuni fanko, akwai wani a ƙauye da aka ci ranarsa bai ma sani ba. Saboda haka ya bi abubuwan da suke ɓata mana rana ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancinsu ba a cikin asibitin suke ba.

Na farko fura ce. Wanda za a sa barci dole cikinsa ya zama babu komai, domin in ya yi amai yana barci abin zai iya gangara masa huhu. Sai mu gaya wa marar lafiya, ya ce ya ji. Gari na wayewa sai uwarsa ko gwaggonsa ta dama masa rubutu a cikin fura ta ba shi ya shanye, don neman tsari. Wa zai hana uwa ta ba ɗanta rubutu ranar da za a yanka shi? Mu dai faɗa muke yi, a ɗage aikin, kowa ya wuni da haushi. Kawu bai yi faɗa da kowa ba. Yana da aboki tun na ƙuruciya, malamin allo mai makaranta a bayan gari. Ya je ya same shi suka zauna, daga nan malamin ya kai shi wurin wasu malaman. Suka daidaita cewa rubutun mai tiyata da ruwa zalla za a wanke shi, kaɗan, kuma tun jajibere za a sha. Daga bakin malamai maganar ta shiga gidaje, aka kuwa kiyaye. Ban da wannan, duk la'asar ɗin jajiberen aiki sai ya zaga gadajen da kansa. Ba marar lafiyar yake fara nema ba, tsohuwar da ta rako shi yake nema. Zai zauna kusa da ita ya tambayi damina da jikoki, sannan ya ce, "Iya, ƙwaryar nan ki ba ni ajiya zuwa gobe da azahar."

Na biyu mota ce. Mutanen ƙauyukan bakin iyaka ba sa samun mota yadda suke so sai ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Ka sa wa mutum Talata, ba zai zo ba, ba don raini ba. Kawu ya sa aka juya tsarin aikinmu ya bi kasuwa. Su sauka ranar Alhamis, a duba su, a yi musu aiki a kwanakin da suka biyo baya, motar kasuwa ta gaba ta mai da su gida. Da damina kuma ba ya wahalar da kansa da sa wa manomi rana, ya san ba mai barin gero a tsaye ya zo ya kwanta. Sai ya cika damina da ma'aikata da 'yan kasuwa da yara, ya bar manoma sai bayan kaka.

Na uku mu ne kanmu. Kawu ba ya karya kumallo sai an ɗora mutum na farko a teburi. Yakan ce bai ga dalilin da zai ci ya ƙoshi ba alhali ya hana bawan Allah ci, kuma mu ne muka sa shi jira. An taɓa kawo mana wani matashin likitan tiyata, gwani ne a aikinsa, amma sai rana ta take yake shigowa yana kaɗa makullin mota. Ni na so a kai ƙararsa. Kawu ya hana. Ya ci gaba da zama a benci bakin ƙofa da kwanon kokonsa a rufe a gefe, ga shi lokacin ciwon suga ya riga ya kama shi. Wata safiya likitan ya iso ya tarar da shi yana gumi, ya tambaye ni ko lafiya. Ni kuwa ba na iya haɗiye magana. Na ce, "Lafiya lau, kai yake jira ya karya." Bai sake makara ba har aka canza masa wurin aiki, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Kawu.

Ba kowa ne ya tashi a hannunsa ba, kuma bai taɓa ɓoye wannan ba. Duk wanda ya rasu a ɗakinmu, Kawu sai ya bi gawarsa. Na tuna wata yarinya mai ciki da aka kawo daga wani ƙauye gaba da Gagarawa Tasha, jini ya riga ya ƙare mata a hanya. An yi iya yi, Allah bai nufa ba. Ya cire kayan aiki ya sa babbar riga, ya shiga motar da ta ɗauki gawar, ya tsaya a sahu aka sallace ta. Daga baya ya riƙa aika wa jaririn da ta bari madara, ba wanda ya sani sai direban da yake kaiwa. A irin waɗannan ranakun in ya koma gida ba ya cin abinci, ba ya magana.

A shekarunsa na baya aka fara turo masa matasan likitoci da suka yi karatu a waje, wasu a Sudan, wasu a Indiya, wasu a wasu ƙasashen, don su zauna a hannunsa kafin a sake su su tsaya su kaɗai. 'Ya'yan jirgi yake kiransu. Sun san aiki, kada wani ya ce ba su sani ba. Sai dai sun koya ne a inda wuta ba ta ɗaukewa, iskar numfashi tana fitowa daga bango, jini yana jira a firji. A nan kuwa iska a tukunya take, tana iya ƙarewa ana tsakiyar aiki, janareta kuma yana da nasa halin. Abin da Kawu yake fara yi wa sabon zuwa shi ne ya juya na'urar da ke nuna bugun zuciya ta fuskance shi shi kaɗai, ya ce, "Ɗora yatsanka a wuyan bawan Allah ka gaya min abin da nake gani." Yakan ce shi ma haka ya dawo daga Masar, kansa cike da na'ura, sai da ƙasar nan ta sake koya masa aikin. Ya koya musu girgiza tukunyar iska da duba ta tun kafin a shigo da mutum, da yin allurar baya wadda take kashe rabin jiki mutum yana farke, da shirya na gaba tun ana ɗinke na kan teburi don kada a ɓata lokaci a tsakani.

Suna gogewa sai su tafi. Wannan ya samu Kano, wancan Saudiyya. Ni nakan ji haushi in ce mun zama tashar mota. Shi kuwa sai ya raka su har bakin ƙofa da addu'a, ya ce duk inda suka je mutum za su tasa.

Ta ƙarshe ita ce wadda ya sa wa Auta. Mahaifinta malamin makaranta ne da ya zo daga Filato tun tana goye, a Gumel ta girma, Hausarta ta fi tawa daɗi. A Indiya ta yi karatun sa barci. Siririya ce, ba ta da hayaniya, in ta sa hular tiyata sai ka ɗauka 'yar sakandare ce. Da farko ban ɗauke ta da muhimmanci ba, na ce ita ma jirgi zai dawo ya ɗauke ta. Ba ta tafi ba. Ita ce ma ta zo da abin da Kawu bai sani ba, yadda ake duba jijiya da na'urar hoton ciki a kashe hannu kaɗai ba sai an sa mutum barci ba. Na ga tsohon nan da furfurarsa ya ja kujera kusa da ita yana cewa, "Malama, a maimaita min, ban kama ba." Da suka zama su biyu ya sa aka kwashe tarkacen da aka jibge a ɗaki na biyu, aka wanke shi, muka fara aiki a ɗakuna biyu lokaci guda. Ban taɓa ganin Kawu cikin farin ciki kamar a wannan kakar ba.

Sai hannunsa ya fara rawa. Ni na fara lura, a wajen zuƙo magani a sirinji. Bai jira wani ya gaya masa ba. Ya kira Auta ya ce daga yau ita ce mai allura, shi zai tsaya a bayanta. Haka aka yi ta yi har ya kwanta ciwon ajali. Yana shiga ɗakin, yana tsaye, hannuwansa a goye a baya, amma duk wanda aka sa barci aka tashe shi a shekarun nan na ƙarshe, hannun Auta ne. Da la'asar in yana zagaya gadaje tare suke zuwa, ya ce wa marar lafiya, "Gobe ni da 'yata za mu tsaya a kanka." Ba ƙarya ya yi ba. Amma mutane "ni" ɗin kawai suke ji, su ɗauka yarinyar mai riƙe masa kaya ce.

A kan wannan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na same shi a gida bayan la'asar yana alwala. Na ce, "Kawu, kana cutar yarinyar nan. Ita take aiki, kai ake yi wa godiya. Ka fito ka gaya wa mutane hannunka ya daina."

Ya ce, "Uwata, ba godiyar nake so ba. In na faɗa yau, gobe rabinsu ba za su zo ba. Bari su saba da fuskarta tukuna."

"Yaushe za su saba kana tsaye ka rufe ta? Ran da ka faɗi fa?"

Ya ɗago ya dube ni. Na san na wuce gona da iri, domin ba a yi wa babba maganar mutuwarsa a fuska, amma ban janye ba. Ya ce, "A hankali ake yaye mutane. Bayan kaka zan fara zama a gida."

Na ce, "Kaka nawa ka faɗi haka?"

Ya ɗauki butarsa ya shige. Mun yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu, har sai da ya aiko min da tsire a wurin aiki, wanda shi ne irin nasa ban haƙurin. Har yau ina ganin gaskiyata ce a maganar. Ina kuma ganin abin da ban gani ba a lokacin, cewa ba don mutane kaɗai yake jan ƙafa ba. Mutum ne da bai san inda zai sa kansa ba in gari ya waye ba ya cikin ɗakin nan. Kakar da ya ambata ta zo ta wuce yana tsaye a bayan Auta, bazara na shigowa ya kwanta.

Abin da na ji tsoro shi ya faru. Bayan sadakar bakwai na koma aiki na tarar da gadajen masu jiran tiyata kusan babu kowa. Ranar Alhamis motocin kasuwa suka sauke masu zazzaɓi da masu awo, amma waɗanda aka sa wa rana ba su zo ba. Na bi waɗanda na sani ina rantse musu cewa Auta ce take sa su barci tun tuni. Wata mata ta dube ni ta ce, "Ai dole ki faɗi haka, abincinku ne." Aka kulle ɗaki na biyu. Aka fara raɗe-raɗin za a mai da wasu ma'aikatanmu wani wuri tunda babu aiki. Auta takan zo da sassafe kamar kullum, ta duba tukunyar iska, ta jera magunguna, ta zauna. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma na ga tana ramewa. Wata rana ta ce min, "Anti, ko dai in tafi ne a kawo musu namiji babba? Wataƙila su yarda da shi." Na ce ta rufa min baki, na shiga banɗaki na yi kukana.

Duk wannan ina kai wa Inna labari in na je gaishe ta, ba don ina tsammanin wani abu daga gare ta ba, sai don ba ni da wanda zan gaya wa. Tana cikin takaba, ba ta fita ko zaure. Takan saurara tana jan carbi.

Inna tana da ƙaba a cibiya tun haihuwarta ta ƙarshe. Dangi duk sun san da ita, sun kuma san abin dariyar da ke ciki. Matar mai sa barci ce, amma duniya ba abin da take tsoro kamar a sa ta barci. Kawu ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya haɗa ta da 'yan'uwanta, ta kafe. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Ku kuna ganin waɗanda suka tashi. Ni nake ganin yadda yake shigowa gidan nan ranar da wani bai tashi ba." A 'yan watannin nan ƙabar ta fara yi mata ciwo sosai, wani lokacin har da amai, amma ta hana a faɗa.

Bayan sadakar arba'in ta sa aka kira mata malamin nan abokin Kawu. Ya tsaya daga bayan labule, ta tambaye shi ko mai takaba tana iya fita neman magani. Ya ce larura ce, addini bai hana ba. Yana fita ta ce min, "Ki gaya wa Auta ta sa min rana."

Mahaifiyata tana wurin, ta ce, "Haba Yaya, ki bari ki fita takaba mana. Me mutane za su ce, miji bai daɗe a ƙasa ba an gan ki a titi?"

Inna ta ce, "Ciwon ba zai jira ni ba. Ganin kuma, so nake su gani."

Ranar Alhamis ta zaɓa, da hantsi, lokacin da asibiti ya fi cika. Babban ɗanta ya kawo mota, ta ce a sauke ta a bakin ƙofar asibiti. Ta tako da ƙafarta cikin hijabinta, ta ratsa masu jiran kati da masu sayar da abinci, ni ina riƙe da jakarta. Mutane suna matsawa suna gaishe ta, suna tambayata ko lafiya. Ita take amsawa da kanta, "Aiki za a yi min. 'Yar marigayi ce za ta sa ni barci." Kafin azahar labari ya kai kasuwa.

Da la'asar Auta ta zo bakin gadonta ta durƙusa. Ta duba ta sosai, sannan ta ce, "Inna, ana iya yi miki allurar baya, kina farke za a gama, ba sai kin yi barci ba."

Inna ta ce, "In na yi barcin akwai abin da zai same ni?"

"A yadda na duba ki, da yardar Allah babu."

"To barcin nake so. Shi suke tsoro." Sannan ta ƙara da cewa, "Ni ma shi nake tsoro, kada ki ga ina magana."

Kawu yana da doka, ɗan'uwa ba ya aiki a kan ɗan'uwansa. Saboda haka da safe na raka ta har bakin ɗakin tiyata na tsaya. Leɓunanta suna motsi da salati. Aka tura ta ciki aka rufe ƙofa. Shekaru ina wucewa ta gaban mutanen da suke zama a barandar nan ina ce musu su kwantar da hankalinsu, ban taɓa sanin abin da suke ji ba sai ranar. Barandar ta cika da dangi da waɗanda ba dangi ba. Wasu addu'a suka zo yi, wasu kuma na san kallo ya kawo su, su ga ko za ta tashi. Na zauna a cikinsu ina roƙon Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa jan ƙafar da ya yi, ya haskaka kabarinsa kamar yadda ya tsaya a kan bayin Allah suna cikin duhun barci, ya kuma rufa wa yarinyar nan asiri.

Aikin bai daɗe ba. Wata nas ta leƙo ta yafito ni zuwa ɗakin da ake farfaɗowa. Na tarar da Auta tsaye a kan Inna, yatsunta a wuyanta, tana kiranta a hankali, "Inna. Inna, an gama. Buɗe idonki." Inna ta motsa, ta yi tari, ta buɗe ido. Nas ɗin ta fita da gudu ta faɗa, muka jiyo barandar ta ɗauki hamdala. Daga makon da ya biyo baya mutane suka fara dawowa, ba duka ba, amma an sake buɗe ɗaki na biyu kafin damina ta sauka, kuma Auta tana nan.

Inna ba ta san da hayaniyar waje ba. Ta daɗe tana kallon silin, sannan ta juyo da kai ta dubi Auta ta ce da dasasshiyar murya, "Yaushe za a fara?"

Auta ta ce, "An gama, Inna. Har an ɗinke."

Ta lalubi cikinta ta ji bandeji. Sai na ga hawaye yana gangaro mata ta gefen ido yana shiga kunne, ita da ba ta yi kuka a gaban kowa ba tun ranar da aka fita da shi. Na sunkuya na ce, "Inna, ciwo kike ji?"

Ta ce, "A'a. Ashe iya abin ke nan. Shekara da shekaru yana roƙona in yarda da shi, na bar shi ya tafi ban yarda ba."